Wa zai biya mai rubuta manhajar da duniya take ci kyauta?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu baje ta a faifai. Wanda ya zauna ya rubuta manhaja, haƙƙinsa ne a biya shi, ko abin da ya rubuta ilimi ne da ya kamata ya sakar wa jama'a?

Ga abin da ya sa na ɗauko ta. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance. Ba ta yi suna a wajen jama'a ba, amma da wuya ka sami kwamfuta mai Linux (babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, irin Windows) da ba ta ɗauke da ita, har da manyan kwamfutocin da kamfanoni suke tara bayanai a ciki. Mutum ɗaya ne ya yi shekara da shekaru yana kula da ita, Lasse Collin, kuma ko sisi ba a ba shi. A 2022 wasu suka sa shi a gaba, wai ya yi sanyi, gyara ba ya fita da wuri. Ya amsa musu cewa lafiyarsa ba ta ba shi dama, kuma su tuna aikin sha'awa ne da ba wanda yake biyansa. Cikin wannan matsi ya damƙa wani ɓangare na ragamar ga wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda tun 2021 yake kawo gyare-gyare. Mutumin nan ya yi ta haƙuri har aka saki jiki da shi, sannan a farkon 2024 ya cusa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wadda za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Allah ne ya kiyaye. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH tana ƙara cin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asiri ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya yaɗu. Har yau ba a san ko wane ne Jia Tan ba.

Ni a wajena ba wayon ɓarawon ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne an bar mutum guda da nauyin da ya fi ƙarfinsa, kamfanoni masu biliyoyin daloli suna hawa kan aikinsa, ba wanda ya leƙo ya tambayi yadda yake ci da sha. Don haka na tsaya a kan a biya. Bismillah.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Abu Hanan. Labarin xz ya taɓa ni, amma ina tsoron inda maganarka za ta kai mu.

Ka tuna yadda aka gano ƙofar. Don lambobin manhajar, wato rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe suke, kowa yana iya dubawa, shi ya sa Freund ya iya bin sawu. Da ta kamfani ce a kulle, wa zai gani? Kuma ni malamin makaranta ne. Yaran da nake koyarwa, iyayen wasunsu jikka biyar ma sai sun yi lissafi kafin su fitar. Tsofaffin kwamfutoci muke da su, Linux ne yake ɗaga su, LibreOffice muke rubutu da ita, Python muke koyo. Da kowane ɗaya sai an saya, da tuni an rufe ajin.

Wannan ba bisa tsautsayi ya faru ba. Richard Stallman yana aiki a jami'ar MIT a Amurka, firintarsu tana yawan cin takarda, ya nemi lambobin da suke tuƙa ta don ya gyara, aka hana shi. Irin wannan hanin ne ya sa a 1983 ya sanar da shirin GNU na gina manhajojin da ba a kulle lambobinsu ba, a 1985 ya kafa gidauniya, a 1989 lasisin GPL ya fito: ka yi amfani da manhaja, ka karanta ta, ka gyara, ka raba wa wasu, amma in ka raba kada ka kulle abin da ka samu a buɗe. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fitar da Linux. Wayar Android da take hannun kowannenmu a kansa take tafiya. Duk wannan alheri daga mutanen da suka ƙi cewa sai an biya su ya fito. In ka sayar wa mutum buhun gero, geron ya bar hannunka. Manhaja kuwa ko mutum miliyan sun kwafa, taka tana nan. Me aka rage maka da za ka ce a biya?

Autan Zaure:
Yayyena, ni sabon shiga ne, yanzu nake koyo. Gaskiya duk abin da na iya da kayan kyauta na koya, don haka zuciyata tana wajen Malam Ɗan Damagaram. Amma a gida kullum tambayar da ake yi mini ita ce yaushe wannan zaman gaban kwamfuta zai fara kawo cefane. In kyauta za a riƙa bayarwa, me zan ce musu?

Ummu Khalil:
Auta, ka kwantar da hankalinka, sana'ar tana ciyar da mai ita. Malam Ɗan Damagaram, da girmamawa, akwai gyara a tarihin da ka kawo.

Stallman bai taɓa cewa kada a biya mai rubuta manhaja ba. Shi da kansa, bayan ya ajiye aikin MIT, da sayar da kwafin manhajarsa Emacs a kan tef, dala 150 kowane ɗaya, ya riƙa samun na abinci. Lasisin GPL ma bai hana sayarwa ba, kullewa ya hana. Torvalds kuwa albashi yake ɗauka a Gidauniyar Linux, kuma mafi yawan gyaran da yake shiga Linux a yau ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat ne suke rubuta shi, suna karɓar albashi ƙarshen wata. Red Hat ɗin nan ba ta kulle lambobi ba, kulawa da tallafi take sayarwa, amma a 2019 IBM ta saye ta dala biliyan 34. Kenan Linux ɗin da ɗalibanka suke samu kyauta, wani ne ya biya kuɗin aikinsa, ba dai kai ba ne.

Maganar gero kuma, gaskiya ne kwafi ba ya rage komai. Amma ba kwafin ake biya ba. Watannin da mutum ya yi yana rubutawa ake biya, da dararen da zai kwana yana toshe ɓaraka, da amsa saƙon wanda abu ya tsaya masa. Waɗannan suna ƙarewa, kuma ba a kwafarsu.

Gardamar nan ta girme mu duka. A Fabrairun 1976 Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta, saboda sun kwafi BASIC, manhajar rubuta shirye-shirye da kamfaninsa Microsoft ya yi wa na'urar Altair, suna rabawa a tsakaninsu. Ya ce cikin masu na'urar ko kashi 10 cikin 100 ba su saya ba, kuma in aka raba abin da suka samu da lokacin da suka kashe, bai kai dala 2 a awa ba. Ya kira abin sata ƙarara. Ban yarda da duk abin da Microsoft ta yi daga baya ba, amma tambayar da ya yi a wasiƙar tana nan da ranta: wa zai iya yin aikin ƙwararru a banza?

Baffa Mai Ɗab'i:
Salamu alaikum. 'Ya'yana, ku yi mini uzuri, ni ba na rubuta komai, amfani kawai nake yi. Shagon ɗab'i gare ni, katin biki da kalanda da allon talla. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah: CorelDraw da Photoshop da suke kan kwamfutocina ba saye na yi ba, yaro ne ya sa mini a kasuwar waya. Duk layinmu haka ne.

Ba don muna son cin haƙƙin kowa ba ne. Da can Photoshop saye ɗaya ake yi, ta zama taka. Daga 2013 suka mayar da ita haya, kowane wata sai ka biya, kuma da dala. Ni da naira nake ciniki, ga kuɗin man janareta, ga takarda da tawada kullum suna hawa. Wanda ya yanka farashin nan bai san da zamana ba, da mutumin Amurka da Jamus ya yi lissafinsa. In na daina amfani da ita yau, ko kwabo ba zai ƙaru a aljihunsa ba, ni kuwa yara shida da suke ci a ƙarƙashina za su zauna. To ina laifina a nan? Da gaske nake tambaya, don abin yana damuna in na kwanta.

Ummu Khalil:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Kukanka a kan hanya yake, kuma tun zamanin wasiƙar Gates aka yi shi. Masu kwafar sun ce tsada ce ta yi yawa. Sai wani mai suna Tom Pittman ya rubuta ƙaramar BASIC tasa ya sa mata dala 5, mutane kuwa suka riƙa aiko masa da kuɗi. Mutum in ya ga farashi daidai ƙarfinsa, yawanci ya fi son ya biya ya huta.

Amma Baffa, tsadar kaya daban, halaccin ɗauka daban. Wannan sai malamai. Abin da zan iya faɗa a fannina shi ne, manhajar da aka fasa sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa a ciki, mai kwashe kalmomin sirri. In a kwamfutar kake shiga asusun banki, don Allah ka raba su.

Malam Na-Gwale:
Tunda an ambaci malamai, bari ɗalibi ya sa baki, Allah ya sa mu dace.

Biyan wanda ka sa aiki ba wurin saɓani ba ne. Ibn Majah ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. A Bukhari kuma akwai hadisi ƙudusi na mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Wanda ya rubuta maka manhajar shago yana cikin wannan, ko da guminsa ba ya fitowa a goshi.

Inda aka yi magana shi ne haƙƙin abin da ba a taɓa shi da hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait, Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman zamani da suka saɓa, suna ganin wanda ya sayi abu ya mallake shi, yana iya kwafa. Amma mafi yawa suna kan matsayar majalisar.

Wani abin da zai amfane mu shi ne tsohuwar mas'alar karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Malik da Shafi'i sun halatta, suna kafa hujja da hadisin Bukhari cewa mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Magabatan Hanafiyya sun hana. Amma na bayansu suka dawo suka halatta, kuma dalilinsu shi ne abin lura: da can baitulmali yana ɗaukar nauyin malamai, da wannan ya yanke suka ga in ba a biya ba malami zai tafi neman abinci, karatu ya tozarta. Mu nan ma da kuɗin Laraba muka tashi, ba wanda ya ce malamin allo ya sayar da Alƙur'ani. Lokacinsa da ya tsare aka rama masa.

Alhaji mai ɗab'i, ba zan ce maka ba komai ba. Tunda kasuwanci kake yi da ita kana samun riba, ka nemi mafita, ko ka sayi lasisi ko na kwamfuta ɗaya ne, ko ka koma wadda masu ita suka yafe. Damuwar da kake ji alheri ce.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, to ina muka kai hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta? Kamfanin da ya kulle lambobinsa, ya hana ka ko leƙawa ka ga yadda abin yake aiki, ba ɓoye ilimi ya yi ba?

Malam Na-Gwale:
Hadisin yana Abu Dawud da Tirmizi. Malamai sun fassara shi da ilimin da mai tambaya yake da larurarsa, musamman na addini, wanda in an ɓoye zai cutu. Ba su ɗauke shi a kan cewa duk mai sana'a dole ya yi aiki kyauta ba. Wanda kuma ya buɗe nasa don Allah, muna yi masa fatan ya shiga cikin ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwa.

Sai dai ka duba Sayyidina Abubakar. Da aka yi masa mubaya'a, ya ɗauki tufafinsa zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba. Umar da Abu Ubaida suka tare shi, suka ce ina kai ina kasuwa alhali al'amarin Musulmi yana wuyanka? Ya ce to da me zan ciyar da iyalina? Aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Ba wanda ya ce ikhlasinsa ya ragu. Wanda ya tsare kansa a kan maslahar jama'a, jama'a ce take ɗaukar nauyinsa.

Abu Hanan:
Allah ya saka da alheri, Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Malam Ɗan Damagaram, ban ce a kulle komai ba, ban kuma ce a karɓi kuɗi a hannun ɗalibanka ba. Da masu cin riba nake.

Duba burtsatsen unguwa. Wani bawan Allah ya haƙa sadaka, kowa yana ɗiba, har masu gidan burodi da masu buga bulo. Ran da famfo ya lalace sai kowa ya naɗe hannu, a bar wa mutum ɗaya mai tausayi yana ta faci da kuɗin aljihunsa. Ba yaron da ya zo da bokiti za a tuhuma ba, mai zuwa da tanka za a tuhuma.

Abin da ya sami OpenSSL kenan. Ita ce take kulle bayanai tsakanin wayarka da shafuka masu ɗimbin yawa, ɗan kwaɗon nan da aka saba gani a gefen adireshi. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed, wadda ta yi shekara biyu a ciki ba a sani ba, kuma ta shafi shafuka wajen rabin miliyan. A Kanada ta nan aka sace lambobin shaidar mutum kusan 900 daga hukumar haraji. Da aka waiwaya, sai shugaban gidauniyar manhajar, Steve Marquess, ya bayyana cewa gudummawar da suke samu ba ta wuce kamar dala 2,000 a shekara ba, sauran sai ɗan aikin kwangila, kuma mutum ɗaya tak ne yake aikin cikakken lokaci. Sai bayan ɓarna ta auku Google da Facebook da Microsoft da Amazon da wasu suka yi alkawarin dala 100,000 kowannensu a shekara, har shekara uku, don tallafa wa irin waɗannan manhajoji.

Haka Werner Koch a Jamus, mai GnuPG da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suke ɓoye wasiƙunsu da ita. Tun 1997 yake riƙe da ita. A 2015 kuɗi sun kusa ƙare masa, sai da wata jarida ta buga labarinsa sannan taimako ya zubo, Facebook da Stripe kowanne ya ɗauki alkawarin dala 50,000 a shekara. Kuɗin suna nan tun farko. Kullum sai an kai bakin rami ake tunawa da mutum, wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai.

Ummu Khalil:
Ga ƙari a kan naka. Lokacin da aka gano ɓaraka a wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Log4j, Disamban 2021, 'yan sa-kai ne suka hana idonsu barci suna gyara, mutane kuma suna zaginsu. Bayan 'yan makonni wani babban kamfanin Amurka ya aika wa Daniel Stenberg, ɗan Suwidin mai manhajar curl, takarda cewa ya amsa jerin tambayoyinsu cikin awa 24, alhali ba su taɓa ba shi ko kwabo ba, kuma curl ba ta da alaƙa da Log4j. Ya ce musu zai amsa da zarar sun sa hannu a yarjejeniyar tallafi. Amsar da ta dace kenan.

Mu nan gida namu salon daban ne, amma jijiyar ɗaya ce. Na taɓa rubuta wa wata makaranta manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Aka ba ni kafin alƙalami, na gama, ragowar kuɗin ya zama sai an ga hali. Ba su daina kira ba kuma: a ƙara wannan, a canza wancan, ai ɗan dannawa ne kawai. Daga baya na tarar an kwafe ta an ba wata makarantar. Wanda ba zai taɓa ce wa birkila ya yi masa gini don zumunci ba, shi ne zai ce maka ai kai ba ka sayi siminti ba.

Auta, ga abin da za ka riƙe. Kada ka fara aiki sai da rubutacciyar yarjejeniya. A rubuta abin da za a yi, da abin da ba ya ciki, da kuɗin kulawa na shekara daban, da wanda ya mallaki lambobin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, amma takardar da ke hannunka ita za ta fara tsaya maka.

Autan Zaure:
Na gode, Anti, na adana. Amma wani abokina cewa yake duk wannan magana ta kusa zama tarihi, tunda yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubuta manhaja cikin minti ɗaya. Wa zai biya mutum a kan abin da na'ura take yi?

Abu Hanan:
Ƙanina, tambayi abokin naka daga ina na'urar ta koya. Copilot, mai taya rubuta manhaja, wadda GitHub, dandalin ajiye lambobi, ta fitar a 2021, da lambobin da mutane suka zuba a buɗe aka horar da ita, sannan aka sa mata kuɗin wata. GitHub kuwa ta Microsoft ce, ta saye ta dala biliyan 7.5 a 2018. A 2022 wasu masu rubuta manhaja suka kai ƙara kotu a Amurka a kan haka. Ka ga tambayata ba ta mutu ba, ƙara girma ta yi.

Kuma na'ura tana rubutawa, amma ba ta ɗaukar alhaki. Ran da manhajar asibiti ta haɗa sakamakon wani da na wani, mutum za a nema. Shi Stenberg ɗin ma ya sha kokawa cewa rahotannin ɓaraka na bogi da ake haɗawa da waɗannan na'urori suna cinye musu lokaci. Ka ci gaba da karatunka, ka iya karanta abin da na'urar ta rubuta ka gane inda ta kauce.

Ɗan Damagaram:
Na ji bayanan kowa, kuma a kan masu tanka ba mu da saɓani, su biya. Amma akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Mai biya shi ne mai juya akala. In kamfani ne yake ba ka albashi, abin da yake so za ka gyara, ba abin da makarantar ƙauye take buƙata ba. Kuma mun ga kamfanonin da suka tara jama'a da sunan buɗaɗɗiyar manhaja, mutane suka taya su gini kyauta, da suka yi ƙarfi suka canza lasisi. HashiCorp ta yi haka da Terraform a 2023, Redis ta yi a 2024, sai da jama'a suka ɗauki tsofaffin lambobin suka ci gaba da su da sabon suna, OpenTofu da Valkey.

Hanyar da ta fi kwanta mini ita ce ta Blender, manhajar haɗa zane mai motsi. Kamfanin da yake da ita a Holan ya karye, a 2002 Ton Roosendaal ya nemi jama'a su yi karo-karo, cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000 aka fanshi lambobin aka sake su ga kowa. Yau gidauniya ce take karɓar gudummawa daga mutane da kamfanoni tana biyan ma'aikata albashi, manhajar kuma kyauta ce ga ɗalibina. Da ita aka yi fim ɗin zanen ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Gwamnatin Jamus ma tun 2022 ta buɗe asusu na musamman tana biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, kamar yadda ake kashe kuɗi a kan hanya da gada. Wannan shi ne baitulmalin da Malam ya ambata. In haka ake nufi da a biya, hannuna biyu. In kuwa ana nufin kowane yaro sai ya ciro kati kafin ya koyi rubuta layi ɗaya, ina nan a kan bakana.

Abu Hanan:
Ban ƙi ta Blender ba, amma Blender ana ganinta, tana da masoya masu alfahari da ita. Wa zai yi karo-karo saboda xz, wadda mai amfani da ita ma bai san tana cikin kwamfutarsa ba? Irin waɗannan sai dai a ɗora wa kamfanonin da suke sa su cikin kayansu, ya zama cikin kuɗin aiki kamar wuta da haya, ba sadakar ganin dama ba. A nan muka rabu da kai, Malam.

Baffa Mai Ɗab'i:
Malam Na-Gwale, na ji nasiha, Allah ya saka. Kai kuma ɗana na Damagaram, tunda ka ce akwai waɗanda masu su suka yafe, wacce za ta yi mini aikin CorelDraw? Kuma tsofaffin ayyukana na shekaru, za su buɗu a cikinta? Don kwastoma yakan dawo ya ce a sake buga masa irin na bara.

Ɗan Damagaram:
Baffa, Inkscape ita ce mafi kusa da CorelDraw, GIMP ko Krita a madadin Photoshop, Scribus kuma don tsara shafukan littafi da kalanda. Duka suna hawa kan Windows, ba sai ka canza komai ba. Inkscape tana buɗe fayilolin CorelDraw da yawa, amma wani lokaci rubutu yakan goce ko inuwa ta ɓace, don haka ka fara fitar da muhimman ayyukanka a PDF ka ajiye. Inda za ka sha wuya shi ne launi. Injin ɗab'i da launuka huɗu na CMYK yake aiki, Inkscape kuwa ba ta ƙware a nan ba, sai ka ɗauki zanen ka kai Scribus ka fitar da shi daga can. Kada ka sauya duka kwamfutocin lokaci ɗaya. Ka ware guda, ka sa yaron da ya fi kaifin hannu ya fara da ƙananan ayyuka irin katin gayyata.

Baffa Mai Ɗab'i:
To madalla. Akwai wata a kusurwa da ba a cika taɓa ta ba, da ita za mu fara. Ummu Khalil, 'yata, ki turo mini yadda ake aika wa masu Inkscape ɗin gudummawa daga nan, in katin naira yana wucewa.